Makunnin rid ɗin silinda yana ta mutuwa: in koma mai waya uku ko laifin daga wani wuri yake?

Sani_Roba
Assalamu alaikum injiniyoyi da manyanmu na wannan zaure. Wata matsala ce ta ishe ni. Ina aikin lantarki a wani kamfanin roba a Kano, akwai injin hura jarka da ke hannuna. Silindar iskar da ke tura wuƙar yankan roba faɗinta milimita 50 ne, tafiyarta 200, jikinta alminiyam, fistin ɗin kuma yana da zoben maganaɗisu. An soka makunnin rid, wato makunnin da maganaɗisun fistin ke kunnawa don injin ya san fistin ya iso, guda biyu a ramin jikinta, ɗaya gaba ɗaya baya. Na baya tun da na zo kamfanin ban taɓa shi ba. Na gaba kuwa sau huɗu ke nan ina canza shi cikin wata uku. Kuma ba mutuwar shiru yake yi ba, maƙalewa yake a kunne, fitilarsa na ci ko da fistin ya koma baya. Oga ya fara yi mini wani irin kallo, kamar ni nake cire su ina sayarwa. Wani abokina ya ce in rabu da rid kwata-kwata in sayi mai waya uku, wai sensar Hall, irin ta lantarki zalla wadda ba abin da ke motsi a cikinta, ita ba ta mutuwa. Me kuka gani?

Lantarki_Kakuri
Wa alaikumus salam. Abokinka ya gaya maka gaskiya. Rid kayan da ne. Tun 1936 aka ƙirƙiro shi a Bell Labs ta Amurka don layukan tarho, mu kuma har yau muna fama da shi a 'yan injinanmu. Abin da ke motsi dole wata rana ya gaji. Sayi mai waya uku ka huta.

BabaFita
Sani, kafin ka kashe kuɗin oga, amsa mini tambaya ɗaya. Wayar wannan makunnin na gaba, ina ta je? Kar ka gaya mini abin da ke kan zane, ka bi ta da hannunka har inda aka ɗaure ta. Domin makunni biyu iri ɗaya a jikin silinda ɗaya, kullum tafiyarsu ɗaya, adadin kunnawarsu ɗaya, ɗaya ya shekara bai yi tari ba ɗaya yana mutuwa duk sati uku, ai ba tsufan fasaha ba ne. Ruwa ba ya tsami banza. Kai kuma na Kakuri, tsohuwar zuma da ita ake magani.

Lantarki_Kakuri
Allah ya huci zuciyarka Baba, ni dai ra'ayina na faɗa.

Injiniya_Zee
Ina bayan Baba. Bari in faɗi abin da ke cikin rid ɗin don a ga dalilin tambayarsa. Wani ɗan kwalba ne siriri, an rufe shi ruf da iskar da ba ta sa tsatsa, a ciki akwai harsuna biyu na ƙarfe da aka haɗa da nikel, bakinsu na kusa da juna amma ba su taɓa ba. Idan maganaɗisun fistin ya iso, harsunan su kansu sai su zama maganaɗisu su manne. Ya wuce, su rabu. Wurin da suke haɗuwa bai kai kan allura biyu ba, don haka wutar da zai iya ɗauka kaɗan ce ƙwarai. Misali makunnin D-A93 na kamfanin SMC, wanda kusan kowa ya sani, a bolt 24 an rubuta masa miliamfiya 5 zuwa 40 ne kacal. Wannan ya ishi ƙofar shigar PLC, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injin. Amma idan aka ɗora masa kwayil ɗin bawul ko na babban rile (makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa don ya saki babba) kai tsaye, duk lokacin da harsunan suka rabu kwayil ɗin zai mayar da wuta mai ƙarfi, tartsatsi ya tashi a cikin kwalbar, a hankali bakin harsunan ya narke ya yi wa kansa walda. Maƙalewa a kunne da Sani ya faɗa ita ce alamar. Sani, idan wani ya sake maƙalewa, ɗan ƙwanƙwasa shi da bayan sukundireba. In ya saki ya ci gaba da aiki na ɗan lokaci, to waldar ce.

Sani_Roba
Wallahi Hajiya haka yake yi. Mai aikin dare ma ya gano dabarar, yana ajiye sukundireba kusa da shi. Yau in an tashi zan bi wayar kamar yadda Baba ya ce.

Danjuma_Walda
Ni ba ɗan lantarki ba ne amma bari in tsoma baki. Akwai mai yin walda kusa da injin? Na taɓa ɗaure wayar ƙasa ta injin waldata a jikin wani injin cika buhu, na yi ɗinki bai fi na minti biyar ba, sensa uku suka tafi. Ranar na sha zagi. Tun daga nan sai an cire mini wayoyin sensa nake kunna wuta, kuma maƙalar ƙasa dab da inda zan yi walda nake sa ta.

MaiPLC
Kafin a yi nisa, in dai za a koma mai waya uku akwai ramin da mutane ke faɗawa. Iri biyu ne, PNP da NPN. Launin wayoyin ɗaya ne: ruwan ƙasa bolt 24, shuɗiya sifili, baƙa ita ce ke kai sigina. Bambancin shi ne PNP baƙar waya tana fitar da bolt 24 idan ta ga maganaɗisu, NPN kuwa tana jan layin ne zuwa sifili. Injinan Turai galibi PNP ne, na Japan da yawancin na Asiya NPN. Rid mai waya biyu ba ruwansa da wannan, shi ya sa masu gyara ke son sa. Ka sayo PNP ka sa a katin da aka ɗaure wa NPN, fitilar sensa za ta kama lafiya lau, PLC kuma ba zai ga komai ba, ka kwana kana zargin furogiram. Duba inda aka kai wayar gama-gari ta katin shigarwa. In tana kan sifili PNP kake buƙata, in tana kan bolt 24 to NPN.

Sani_Roba
Jama'a na dawo. Baba, Allah ya ƙara girma. Na baya PLC ya tafi kamar yadda zane ya nuna. Na gaba kuwa a zane ya kamata ya bi ta wani ɗan rile, amma gurbin rilen babu kowa, an haɗe wayoyin biyu an naɗe da salatif. Ke nan makunnin ne ke kunna bawul ɗin iskar hura jarka da kansa. A jikin kwayil ɗin an rubuta DC24V 4.8W. Wayar kuma ta zaga ta saman rufi, na auna ta kai mita 12.

Injiniya_Zee
To ga lissafin: wat 4.8 raba da bolt 24, miliamfiya 200. Ninki biyar na abin da irin wancan makunnin ke ɗauka. Ni mamakina ma yadda yake kai sati uku.

BabaFita
Na san za a rina. Wata rana da daddare rile ya ƙone, babu wani a sito, manaja na tsaye a kan mai gyara, sai ya haɗe waya da niyyar gobe zai gyara. Goben ce ba ta zo ba har ya bar aiki. Dukanmu mun taɓa yi, kar wanda ya yi mini musu. Mayar da rile, irin ƙananan nan na bolt 24 masu cin wuta kaɗan. Don shanye wutar da kwayil ke mayarwa, ka sa dayod 1N4007 a kan kwayil ɗin rilen, gefen da ke da zobe ya kalli fositif, in dai rilen bai zo da nasa ba. Ka sa wani a kan kwayil ɗin bawul. Amma dayod na wutar DC ne kawai, kwayil ɗin AC sai varistor (abin shanye wutar da ta yi yawa) ko haɗin rizisto da kafasito. Kuma ka sani dayod na sa bawul ya ɗan yi jinkirin saki, in injin mai sauri ne ka lura da jarkar farko.

Tsoho_Challawa
Kar a manta da mita 12 ɗin nan. Doguwar waya ita kanta tana riƙe caji kamar ƙaramin kafasito, lokacin da rid ya haɗe sai cajin ya zubo gaba ɗaya ta bakin harsunan. Masu ƙera su da kansu suna cewa in waya ta wuce mita 5 a sa abin kariya dab da makunnin. Mutane na ganin kwayil ne kaɗai ke kashe rid, alhali ko PLC kawai yake ciyarwa doguwar waya na rage masa kwana.

Lantarki_Kakuri
Duk wannan doguwar hidimar, rile, dayod, abin kariya, don a lallaɓa makunnin da ake sayarwa da arha. Mai waya uku da yawansu na ɗaukar miliamfiya 100, wasu ma fiye, suna da kariyar haɗewar waya, ba abin da ke motsi a ciki. Ban janye maganata ba.

Injiniya_Zee
Miliamfiya 100 ɗin ma ai ba ta kai 200 ba, Malam. Da Sani ya bi shawararka ranar farko, da an yi gudun gara an faɗa gidan zago, ya ƙona mai tsada maimakon mai arha. Kuma wani gyara: yawancin abin da muke kira sensar Hall a jikin silinda ba Hall ba ce. Edwin Hall ya gano nasa abin a 1879 a Jami'ar Johns Hopkins: wuta na bi ta siririn falle, ka kawo maganaɗisu a tsaye a kansa, sai ɗan bolt ya bayyana a gefe da gefe. Wato layukan maganaɗisu da suka ratsa fallen a tsaye yake ji. Zoben fistin kuwa layukansa a kwance suke bi tare da tsawon silinda a daidai inda sensa take. Shi ya sa kamfanoni da yawa suka fi amfani da irin wadda juriyarta ga wuta ke canzawa idan ta shiga filin maganaɗisu, kamar SMT ta kamfanin Festo. Wani reshe na wannan fasahar, GMR, shi ne Albert Fert na Faransa da Peter Grünberg na Jamus suka gano a 1988, aka ba su Nobel a 2007. Irin wannan sensar ta fi Hall jin maganaɗisu mai rauni, kuma wurin kunnawarta ya fi tsayawa daram.

Lantarki_Kakuri
A kasuwa dai ka ce Hall su miƙo maka. Ka je ka ce GMR ka ga irin kallon da za a yi maka.

Ɗan_Maraɗi
Sallama gare ku. Mu nan da Faransanci munka koyi aikin, amma ciwon guda ne. Ni tambayata daban ce, ku yi haƙuri in na karkatar da zance. Muna da injin buga bulo mai aiki da mai, ina so in san daidai inda fistin yake don kaurin bulo ya daina bambanta. Na ɗaura irin wanga makunni a jikin silindar, ko motsi bai yi ba. Fistin ne ba shi da maganaɗisu ko mi?

Haidirolik_Bompai
Ɗan Maraɗi, ko da akwai maganaɗisu a ciki ba za ka ji shi a waje ba. Silindar iska alminiyam ce ko siririn ƙarfen da ba ya tsatsa, layukan maganaɗisu na ratsa su kamar babu komai. Silindar mai kuwa baƙin ƙarfe ne mai kauri, shi ke shanye layukan su zaga a cikinsa. Kuma kai ba "ya iso ko bai iso ba" kake nema ba, kana neman milimita nawa. Wannan aikin wata sensa ce daban, mai sanda. Ana huda sandar fistin a tsakiya ta tsawo, a soka sandar sensar mai kaurin milimita 10 ta bayan silinda, a ɗaure zoben maganaɗisu a jikin fistin. A cikin sandar akwai siririyar waya ta musamman. Kan sensar na harba ɗan bugun wuta ta cikinta, a daidai inda zoben yake sai wayar ta ɗan murɗe, murɗewar ta dawo kamar amo da gudun kusan mita 2,800 a daƙiƙa. Lokacin da ta ɗauka shi ake aunawa. In fistin na nesa da mita ɗaya, kusan kashi 350 ne cikin miliyan na daƙiƙa. Ba abin da ke gogar wani, don haka ba ta cinyewa. Temposonics da Balluff su ne sunayen da za ka fi ji. Asalin ilimin tsoho ne, James Joule ya lura tun 1842 cewa ƙarfe na canza tsawo a cikin maganaɗisu.

Abu biyu da na koya da kuɗina. Na farko, akwai wurin da ba ta gani, kamar milimita 50 kusa da kai da sittin da ɗoriya a ƙarshen sanda, in ba ka lissafa su ba za ka sayo gajera. Na biyu, zoben ba a manna shi kai tsaye a baƙin ƙarfen fistin, sai an sa wani zobe na tagulla ko alminiyam a tsakani, a ɗaure da kusoshin da maganaɗisu ba ya kamawa. Na taɓa ba wani mai gyara aikin ya watsar da zoben tsakanin wai bai ga amfaninsa ba, sai da muka sake kwance silinda, mai ya wanke ni har wuya.

Ɗan_Maraɗi
Madalla, Allah shi saka. Amma huda sandar fistin nan garin, ban ga mai yi ba.

Haidirolik_Bompai
Akwai irinta da ake ɗaurawa a waje, doguwa mai jikin alminiyam, maganaɗisun na tafiya a samanta ka haɗa shi da farantin da ke danna bulo. Sai dai ka yi mata rumfa saboda siminti da girgiza. Ka zaɓi mai fitar da miliamfiya 4 zuwa 20, kar ka ɗauki mai bolt 0 zuwa 10. In tafiyar milimita 500 ce, miliamfiya 12 na nufin 250, tsakiya cif. In kuma waya ta tsinke za ka ga sifili, ka san ba fistin ne ya koma gida ba. Babban daɗinta a ƙasashenmu shi ne in an ɗauke wuta aka dawo da ita, nan take ta san inda fistin yake, ba sai an mayar da shi farko ba.

Auwal_Dish
Kai, wannan maganar ɗauke wuta ta taɓo ni. Ni mai haɗa dish ne, tun zamanin manyan farantai masu juyawa. Jak ɗin da ke juya su, mai bolt 36, ai rid ne a cikinsa. Akwai ɗan faifai mai maganaɗisu yana juyawa tare da giya, rid na ƙirga sau nawa ya wuce, akwatin da ke ɗaki ya riƙe cewa tauraro kaza yana lamba kaza. Matsalar ita ce ƙirge kawai yake, bai san inda yake ba. NEPA ta ɗauke wuta yana tsakiyar tafiya, lissafi ya rikice, Alhaji ya kira ka da sassafe wai tashoshinsa sun gudu. Sai ka mayar da jak ƙarshe ka sake daidaitawa. Damina kuma ruwa ya shiga murfin, shi ya sa muke juya ramin tsiyayar ruwa ya kalli ƙasa.

MaiPLC
Auwal ka kawo misali mai kyau. Jak ɗin lantarki na masana'anta da na gadon asibiti da na juya allon sola, irin su Linak da Thomson, da yawansu haka suke, sai dai Hall ce a maimakon rid, guda biyu a kusa da maganaɗisun da ke kan moto. Biyun na ba da bugu ɗaya na gaba da ɗaya, daga nan ake gane gaba ake yi ko baya. A nan kam Hall ce ta gaske, Hajiya Zee ba za ta yi mini gyara ba. Amma ciwon Auwal na nan: in allon sarrafawa bai adana ƙirgen ba kafin wuta ta tafi, sai an koma makunnin ƙarshe. Ni in aikin ba mai yawan kaiwa da komowa ba ne na fi son mai fotenshiyomita, wato rizisto mai canzawa da tafiyar jak, duk da tana cinyewa.

Admin_Zaure
'Yan uwa a yi haƙuri, na goge saƙo biyu na talla da lambar waya. Mai kaya ya bi ta akwatin sirri. Kuma zancen Sani ne asali, a riƙa waiwayarsa.

Tsoho_Challawa
To mu waiwaye shi. Akwai abin da ba wanda ya tambaya: silindar wuƙa a injin hura jarka kusa da kan da roba ke fitowa take, kan nan kuwa yana kusan digiri 200. Gefen gaba shi ne ya fi kusa. Yawancin waɗannan makunnai iyakarsu digiri 60 zuwa 80 ne, ya danganta da iri. A watan Afrilu inuwa ma a Kano tana wuce 40, balle ƙarƙashin kwano kusa da hita. Kwayil na da laifi, na yarda, amma ba lallai shi kaɗai ba ne. Kuma a zafi mai waya uku ce ke fara sarewa, don akwai ƙwaƙwalwar lantarki a cikinta. Rid kwalba ce da ƙarfe.

ƊanPoly
Gaskiya ne Oga, kuma an koya mana cewa maganaɗisun niyodimiyam na yau da kullum in ya wuce digiri 80 yana rasa wani ɓangare na ƙarfinsa har abada. Wataƙila zoben fistin ɗin ne ya mutu.

BabaFita
Ɗana, karatunka daidai ne amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Da zoben ya yi rauni, makunni ƙin kamawa zai yi, ba ƙin saki ba. Kuma na baya ai da zobe ɗaya suke aiki, yana nan lafiya. Sannan zoben fistin da yawa ba niyodimiyam ba ne, garin ferait ne da aka cuɗa da roba, baƙi, yana lanƙwasuwa. In ka kwance tsohuwar silinda ka duba. Abin da na fi gani yana rage ƙarfin zobe a idon sensa shi ne ƙarfen da aka jingina kusa: wani ya ɗaure sensa da kilif na baƙin ƙarfe, ko an yi wa silinda gadi da falle, ko garin ƙarfen gurinda ya taru a ramin. Haka in silinda biyu na manne da juna, zoben wannan na iya kunna makunnin waccan, shi ya sa ake son a bar kamar milimita 40 a tsakani.

ƊanPoly
Na gode Baba, na ƙaru. Tunda na samu manya, aikin kammala karatuna ne in auna tafiyar ƙaramin jak da allon sarrafawa na Arduino. Na sa sensar Hall SS49E guda ɗaya da maganaɗisu, kusa yana aiki, da na matsa santimita uku sai lamba ta tsaya cak.

Injiniya_Zee
Haka zai yi. SS49E a bolt 5 tana zama kan 2.5 in babu maganaɗisu, ta hau ko ta sauka in ya matso, amma ƙarfin maganaɗisu na faɗuwa da sauri sosai da zarar ka ja baya, kuma ba a miƙe yake faɗuwa ba. Sensa ɗaya ta 'yan milimita ce. Mafi sauƙi gare ka: manna ɗan maganaɗisu mai zagaye a ƙarshen sukurun jak ɗin, irin wanda arewa da kudunsa ke gefe da gefe, ka sa sensar auna juyi AS5600 a gabansa. Tana raba zagaye ɗaya gida 4,096. In sukurun na tafiya milimita 2 a kowane zagaye, ka ga ƙanƙantar abin da za ka iya gani. Sai dai kai za ka ƙirga yawan zagayen, ka dawo kan matsalar Auwal mai dish. Ka buɗe sabon zance in kana son mu bi shi dalla-dalla.

MaiPLC
Wani abu ga duk mai son sa makunni a tsakiyar tafiya ba a ƙarshe ba. Sensa tana kunne ne na tsawon 'yan milimita kawai, mu ce 6. In fistin na gudun mita ɗaya a daƙiƙa, ta kunnu ta mutu cikin kashi 6 na dubun daƙiƙa. PLC irin S7-1200 daga kamfani matatar shigarwarsa na kan kashi 6.4 na dubun daƙiƙa, siginar da ba ta daɗe haka ba ba ya ganinta. Wato PLC ba zai ma san an yi ba. Na ga inda aka canza sensa uku lafiyayyu a kan wannan.

Sani_Roba
Salam. Rahoto. Na mayar da rile mai dayod, na sa dayod a bawul, na rage wayar ta koma kamar mita 6 don na bi da ita ta ƙasa. Na aro bindigar auna zafi, da ƙarfe uku na rana ƙarshen silindar na gaba ya nuna 68, na baya 47. Don haka maganar Tsoho ma tana nan. Na yanko fallen alminiyam na sa tsakanin silinda da hita, ya sauka zuwa 55. Yau kwana goma sabon makunnin lafiya. Na kai wa oga maganar mai waya uku, ya ji kuɗin ya ce tunda ya gyaru a bar shi haka.

Lantarki_Kakuri
Kwana goma ai ba shaida ba ce, na da ma suna kai sati uku. Kuma abu huɗu ka canza rana ɗaya, yanzu wa zai ce ga wanda ya yi maganin? Injin da ke yanka sau dubbai a yini, mu haɗu bayan sallah.

Tsoho_Challawa
A nan kam na Kakuri ya yi gaskiya. Amma mai gyara ba ɗakin bincike yake ba, jarka ake jira.

BabaFita
Sani, kar ka yar da matattun. Fasa ɗaya a hankali ka ciro kwalbar, ka duba ta a hasken waya. In ka ga baƙi-baƙi a jikin gilashin daidai bakin harsunan, tartsatsi ne ya kashe shi. In gilashin fes yake amma robar waje ta bushe ta tsage, ka ƙara wa fallen nan naka faɗi. Kuma ka gyara zanen da ke cikin akwati da biro, ka rubuta ranar, saboda wanda zai gaje ka.

Sani_Roba
Biyu na samu, sauran an share. Ɗaya baƙi ƙirin, ɗayan kuma na fasa shi da filaya gaba ɗaya, ban ga komai ba sai gari. MaiPLC, na duba katin kamar yadda ka ce, wayar gama-gari na kan bolt 24. In na samu kuɗi zan sayi guda ɗaya in gwada a gefen baya inda ba zafi. NPN ke nan ko?

MaiPLC
NPN. Ka tafi kasuwa da tsohon makunnin ka gwada faɗin ramin, akwai mai siffar T akwai mai zagaye, kuma ba sa shiga na juna.